Kafin ka biya kuɗin fili: abin da fayil ke faɗa da abin da yake yin shiru a kai

Shekaru kaɗan da suka wuce na raka wani ɗan kawuna ganin fuloti a bayan gari, can inda Kano ke cinye gonaki sannu a hankali. Dillalin ya hau wani ɗan tudu, ya riƙa nuni da mukullin babur ɗinsa: daga wancan turken zuwa gindin darbejiya, ƙafa hamsin a faɗi, saba'in da biyar a tsawo. Da muka tambayi takarda, sai ya zaro wata daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta fara yagewa. Takardar ciniki ce, da hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu uku. Ya ce, "Alhaji, wallahi akwai mai kawo kuɗi bayan la'asar. Don kai ne na riƙe." A nan take ɗan'uwan nawa ya ba da kafin alƙalami.

Bayan wata takwas, ranar da leburori suka fara haƙa harsashi, wata dattijuwa ta iso da ɗanta a baya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gonar mahaifinsu ce, ba a taɓa raba gadon ba, yayansu ne ya yayyanka ya sayar, ita da ƙannenta mata biyu ko sisi ba su gani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu jabu a cikin lamarin. Hatimin na gaske ne, shaidun suna nan da ransu, wanda ya sayar ɗin kuwa ɗan mai gonar ne na cikinsa. Takardar ta faɗi gaskiya, an yi ciniki. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ko mai sayarwar yana da ikon sayarwa, kuma tambayar da babu wanda ya yi ke nan a cikinmu, har da ni da nake ganin na waye.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a je ma'aikatar ƙasa a duba fayil, wato kundin bayanan da gwamnati ke ajiyewa a kan filin. Shawara ce mai kyau, kuma mafi yawan masu saye ba sa bin ta. Amma yadda ake faɗinta, kamar da zarar an duba shi ke nan an tsira, yana da nasa haɗarin. Fayil yana amsa tambaya guda ce: me gwamnati ta sani game da wannan wuri? Filaye da yawa a ƙasar nan gwamnati ba ta san komai a kansu ba, waɗanda ta sani ɗin ma ba duka labarinsu ke kaiwa gare ta ba.

Sai an fara gane abin da ake saye tukuna. Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, a matsayin amana ga 'yan Najeriya. Ga mutanen Kudu wannan juyin juya hali ne. Ga Arewa kuwa tsohon zance ne da aka sake wa riga, domin tun 1910 Turawa suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar gwamna, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sake tabbatar da hakan a dokarta ta 1962. Dokar 1978 tana nan daram, har an cusa ta cikin kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 315, yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce ba ƙasar yake saye ba, haƙƙin zama da amfani yake saye. A cikin birni gwamna ne ke ba da wannan haƙƙi, shaidarsa kuma ita ce takardar da kowa ke kira C of O, galibi ta shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin gargajiya. Mai unguwa da dagaci da hakimi, duk da girmansu da sanin da suka yi wa kowace kunyar gona, dokar ba ta ba su ikon ba da ƙasa ba. Sa hannunsu shaida ce, kuma shaida mai amfani, amma ba ita ce mallaka ba.

Daga nan sai sashe na 22, wanda ya fi kowane sashe cin kuɗin mutane. Ya ce mai haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa tanadin dokar ba, babu shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Banki ya karɓi gida jingina ba tare da an nemi amincewar gwamna ba, da ya zo sayar da gidan don karɓar bashinsa, kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. Idan banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga mai shago a Kwari da ya tara kuɗinsa shekara goma?

To me ake samu idan an je duba fayil? A yau jihohi da dama sun mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Abuja ce ta fara da AGIS, hukumarta ta bayanan filaye, a 2003, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke minista, daga baya Kaduna ta kafa KADGIS, Kano tana da KANGIS, Nasarawa tana da NAGIS. Hanyar kusan iri ɗaya ce: a rubuta takardar neman bincike, a sa lambar fayil da lambar fuloti, a haɗa da kwafin takardar mallaka, a biya kuɗin da aka ƙayyade ta banki, a jira rahoto a rubuce. Wasu ofisoshin ba sa buɗe fayil sai da takardar amincewar mai filin. Wannan sharaɗi yana ɓata wa mutane rai, ni kuwa ina ganin kyauta ce aka ba mai saye. Ka nemi mai sayarwa ya sa hannu a duba fayil ɗinsa, ka zuba ido ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Wanda ya fara kame-kame, yau yana Abuja gobe yana Umara, ya riga ya ba ka rabin rahoton kyauta.

Rahoton zai nuna sunan wanda aka ba filin tun farko da waɗanda suka biyo baya idan an yi rajistar cinikinsu, girman wurin, abin da aka ba da shi dominsa (a fayilolin Kano za ka ga RES na gidan zama, COM na kasuwanci), ko an jinginar da shi ga banki, ko kotu ta aiko da umarni a kansa, ko wani ya shigar da gargaɗin kada a taɓa, ko gwamnati ta soke haƙƙin, da kuma bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Wannan na ƙarshe mutane sun daɗe suna raina shi. A watan Maris 2025 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya kuɗin ƙasa ba, cikinsu har da na hedikwatar jam'iyyar PDP. Wanda ya sayi irin wannan wuri bai duba ba, ya sayi bashin wani, wataƙila ma ya sayi takardar da ta riga ta mutu.

Akwai wata dabara ta macuta da binciken fayil kaɗai ba ya kamawa. Takardar ta gaske ce, fayil ɗin tsaf yake, sunan ya yi daidai, sai dai filin da aka kai ka ka gani ba shi ne na cikin takardar ba. An nuna maka mai bakin titi, takardar kuwa ta wani ce can cikin kwari inda ruwa ke kwanciya da damina. Maganin wannan shi ne ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya je ya auna wurin da na'urarsa, ya karanta lambobin da ke jikin duwatsun iyaka, a kai ofishin babban safiyon jiha a ɗora a kan taswira. A nan ne kuma ake gane ko wurin ya faɗa cikin abin da gwamnati ta riga ta keɓe: hanya, makaranta, maƙabarta, magudanar ruwa, gandun daji, burtali, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, waɗanda mafi girmansu ke da haramin mita 50, wato faɗin da ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Ma'aikatar ƙasa daban, hukumar tsara birni daban. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, kuma su ne masu jan fenti. Mutum na iya riƙe takarda mai kyau, ya wayi gari ya ga an shafa wa katangarsa alama, don wurin ba a yarda a yi gini irin nasa ba.

Sannan ita kanta C of O ɗin, wadda ake ɗauka kamar layar da ba ta ɓaci, Kotun Ƙoli ta bayyana a 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, cewa ba hujja ce yankakkiya ba. Idan wani yana da haƙƙi a kan wurin tun kafin a ba ka ita, kuma ba a soke nasa ta hanyar doka ba, takardarka takarda ce kawai. Rajistar da muke yi a yawancin jihohi rajistar takardu ce, ba lamunin gwamnati ba ne cewa abin da ke cikinsu gaskiya ne. Ma'aikaci ya karɓa, ya buga hatimi, ya ba da lamba. Idan tushen ruɓaɓɓe ne, hatimin ba ya gyara shi. Shi ya sa lauyan kirki ba ya tsayawa a kan takardar ƙarshe, sai ya bi sarƙar baya: wa ya sayar wa wannan, shi kuma daga wa ya samu, har a kai ga wanda gwamnati ta ba ko wanda ya gada. Duk inda aka sami giɓi, nan rigima take kwance.

Mu dawo bayan gari, inda mafi yawanmu ke saye, don nan ne kuɗinmu ke kaiwa. Awon igiya ba shi da fayil. Manomi ne ko magadansa suka kira masu awo, aka ja igiya, aka kafa turaku, aka bar 'yar hanya wadda mota biyu ba za su gifta ba. Idan ka je ma'aikata da sunan wurin, abin da za a iya gaya maka shi ne ko gwamnati ta karɓe yankin ko ba ta karɓe ba, kuma wannan kaɗai ya isa a je dominsa, domin an sha sayar wa mutane gonar da aka riga aka biya diyyarta shekaru da suka wuce. Amma amsar "ba mu da komai a kansa" ba wanke filin ta yi ba. Cewa kawai ta yi littafin da kake nema ba a nan yake ba.

Littafin yana cikin kawunan mutane. Yana wurin maƙwabcin gona da ya san wa ke noma wurin tun zamanin da ake biyan haraji, yana wurin limamin unguwa da ya halarci rabon gado ko ya san ba a yi ba, yana wurin tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin hanya. Irin wannan bincike ba a yin sa tare da dillali. Ka koma kai kaɗai, ranar da bai sani ba, ka yi sallah a masallacin wurin, ka zauna a gaisa. "Baba, wannan gonar ta wace ce asali?" Tambaya guda ke nan, amma za ka ji abin da babu kwamfutar da ta adana: cewa aro aka ba uban mai sayarwa, ko jingina ce da ba a fansa ba, ko marigayin ya yi wakafi da ɓangaren gabas don makarantar allo, ko an taɓa sayar wa wani mutumin Legas da bai dawo ba tukuna.

Gado shi ne babban ramin, kuma a nan fikihu da dokar gwamnati suke haɗuwa a kan mai saye. Dukiyar da ba a raba ba ta magada ce gaba ɗaya, babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba, balle rabon marayu ƙanana. Ko da nasa kason kaɗai ya sayar, akwai shuf'a: a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a cikin abin da ba a raba ba yana da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi wurin. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna wanda yake nan yana gani haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya gari yana nan a kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Ka tuna yawan gidajen da ke da ɗa a Saudiyya ko Sudan ko Kurmi. Haka kuma masu cewa "ai ya fi shekara goma yana noma wurin, ya zama nasa" suna manta cewa wannan hukunci na hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewa da riƙe abu, bai aiki da wannan wa'adi tsakanin dangi da surukai. Saboda haka idan aka ce maka filin gado ne, abin nema shi ne takardar rabon gado daga kotu, wadda ta nuna wannan yanki ya faɗo a kason wane. Idan ba a raba ba, to kowane magaji ya sa hannu, mata kafin maza ma, don su aka fi dannewa kuma su ne ke dawowa daga baya da gaskiyarsu. A leƙa rajistar babbar kotu da ta kotun shari'ar yankin a ji ko akwai ƙara a kan wurin, domin wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa. In kamfani ne ke sayarwa, kamar masu rukunin gidajen nan da ke talla a Facebook, a duba shi a hukumar rajistar kamfanoni, a ga su wane ne daraktocinsa, a ga ko ya ɗora bashi a kan kadarorinsa.

Abuja tana da nata tarkon na daban. Dokar da ta kafa birnin a 1976 ta mayar da ƙasar yankin gaba ɗaya hannun Gwamnatin Tarayya, ministan birnin ne kaɗai ke ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ko ta ƙaramar hukuma, komai kyan hatiminta, ba ta zama mallaka sai hukumar birnin ta tantance ta ta amince. 'Yan Arewa da yawa da ke aiki a can sun gina gidaje a kan irin waɗannan takardu, suna kwana da fargabar katafila.

Akwai kuma abin da ba fayil ba, ba safiyo ba, sai hankalin mutum. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da hawan Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare a Kano. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne da aka sayar ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan suka ce takardunsu daga gwamnatin da ta gabata suka fito. 'Yan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina yanke hukunci tsakanin ɓangarorin ba ne. Abin lura ga mai saye shi ne, da ya je bincike kafin rusau, da fayil ya nuna masa komai daidai. Wurin da duk gari ya san filin idi ne, ko harabar makaranta, ko jikin badala, takardar da aka yanka a kansa tana iya zama mai rai ne gwargwadon ran gwamnatin da ta ba da ita. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙi don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada kuma ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta tsadar da ka sayi filin ba.

In an gama duk wannan an biya, saura aiki guda da kusan kowa ke tsallakewa: mayar da sunan. Neman amincewar gwamna, biyan kuɗin hatimi da na rajista, duk suna cin kuɗi da lokaci, don haka sai a tsaya a kan takardar wakilci, a ce ai ta wadatar. Kotun Ƙoli ta faɗa a 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ce kawai na yin abu a madadin wani. Muddin sunan tsohon mai shi ne a fayil, a idon gwamnati shi ne mai wurin. Yana iya cewa takardarsa ta ɓata a ba shi wata, yana iya sake sayarwa, kuma idan na biyun ya saya bai san da kai ba ya riga ka yin rajista, kai ne za ka sha wahalar shari'a. In ya rasu, 'ya'yansa za su tarar da filin cikin lissafin gado. Ina ganin laifin a nan ba na jama'a kaɗai ba ne. Tsarin da ya sa sai gwamna ko wanda ya wakilta ya sa hannu a kan cinikin kowane fegi a jiha mai mutum miliyoyi, shi da kansa yake kora mutane zuwa bayan fage, sa'annan fayilolin su cika da sunayen matattu.

Me ya sa, duk da an san waɗannan abubuwa, ake ci gaba da faɗawa? Na farko gaggawa, wadda dillali ke ƙirƙira, domin la'adarsa, galibi kashi biyar cikin ɗari, ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ba duka dillalai ne macuta ba, amma ko na kirkin ba a biyansa don ya hana ka saye. Na biyu kuwa kunya. Mai sayarwa abokin babanka ne, ko kuna sahu ɗaya a masallaci, ko surukin yayarka ne, sai ka ji nauyin ce masa za ka kai takardarsa a duba, kamar ka kira shi ɓarawo. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora wa lauya nauyin: "Kawu, ni na yarda da kai, lauyan ne ya ce ba zai rubuta ba sai ya gani." Kuɗin lauya da na safiyo da na bincike, in an haɗa, ba sa kai abin da zaman kotu na shekara guda ke ci. In kuma dole sai an ba da wani abu don a riƙe wurin, a rubuta cewa za a mayar idan bincike ya nuna matsala, a biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba.

Shi ɗan kawun nawa bai je kotu ba. Dattawan unguwar suka zauna sau uku a zauren dagaci, aka kira yayan, aka kira matan. A ƙarshe aka ƙiyasta kason mata ukun a cikin fulotin, ya sake biya, yayan ya yi alƙawarin mayar masa da wannan kuɗi idan ya sayar da amfanin gona. Damina huɗu ke nan. Ginin ya kai linta, takardar sulhun kuma, mai sa hannun mutum goma sha ɗaya, tana cikin leda a ƙasan akwatin matarsa.